Sokawe ne ya cika, ko ƙasa ce ta ƙi sha?

 Yau za mu fito daga ɗaki mu zagaya bayan katanga, wurin ramin nan da babu mai tunawa da shi sai ranar da ya yi gardama.

Da yawa daga cikinmu masu neman abinci a Legas, Ibadan, Fatakwal ko Abuja, da zarar Allah ya hore, abin da muke fara yi shi ne gyara wa iyaye gida a ƙauye. A yi ciki da falo, a sa tayil, a raba tsohuwa da wahalar tsuguno a masai, a yi mata banɗaki mai ruwa. Niyya ce mai kyau, Allah ya ba da lada. Sai dai bayan shekara biyu ko uku waya ta fara shigowa: ruwa ba ya wucewa, wari ya hana zaman tsakar gida, ko gindin katanga ya jiƙe sharkaf alhali ba a yi ruwan sama ba. Sai a tura kuɗi a ce a kwashe. A kwashe ɗin, bayan wata biyu magana ta dawo sabuwa. Waɗanda suka yi gini a gefen gari, irin su Mararaba, Masaka, Zuba ko Ikorodu, su ma labarin ke nan. Ko a Abuja, bututun gwamnati da ke kai ƙazanta matatar Wupa bai kai yawancin unguwannin talakawa ba, kowane gida da raminsa.

Abin da ke cinye kuɗin mutane shi ne ana yin magani ba a san ciwon ba. Kuma mafarin rikicin yana cikin suna. Mu duk abin da aka haƙa aka rufe da siminti a bayan gida sokawe muke ce masa, alhali rami biyu ne, aikinsu ya bambanta.

Na farko shi ne tanki. Shi ana yi masa filasta ciki da ƙasa, don ba a so ya yi yoyo ko kaɗan. Galibi akan raba shi gida biyu da bango, ɗakin farko ya fi girma, kamar kashi biyu cikin uku na tsawonsa. Duk abin da ya fito daga banɗaki nan yake sauka ya huta. Mai nauyi ya kwanta a ƙasa ya zama laka, maiƙo da kumfa su taso sama su yi ɓawo, ruwa ya tsaya a tsakiya. Akwai ƙananan ƙwayoyin halitta da ke rayuwa a ciki ba tare da iska ba, su ke cin wannan laka suna rage ta. Ruwan tsakiyar nan ne kaɗai ya kamata ya fita, shi ya sa ake sa wa bututun fita wani gwiwa mai baki biyu, ɗaya ya nutse cikin ruwa ƙasa da ɓawon, ɗaya ya dubi sama.

Rami na biyu shi ne ainihin sokawe. Shi kishiyar tanki ne: ana jera bulonsa da tazara, ba filasta, don ruwan da ya zo daga tanki ya riƙa tsiyaya cikin ƙasa a hankali, ƙasar ta tace shi.

To, ga abin da nake so kowane magidanci da kowace uwargida su riƙe. Tanki mai lafiya kullum a cike yake da ruwa, har zuwa bakin bututun fita. Haka aka tsara shi. Don haka idan wani ya ɗaga marfi ya nuna wa Baba ruwa ya ce, "Ka gani Alhaji, ya cika, sai an kwashe," bai faɗi komai ba tukuna. Ko yau aka kwashe shi tas, gida mai mutum goma zai sake cika shi da ruwa cikin 'yan makonni. Cikar da ake nufi ita ce cikar laka, ba ta ruwa ba.

Yadda ake bin sawun matsalar ba ya buƙatar injiniya. Yaro mai hankali da tocila da doguwar sanda zai iya, kana nan kana yi masa jagora ta waya.

A fara da tambaya ɗaya: banɗaki ɗaya ne ya toshe, ko duk na gidan? Idan na ɗakin Inna ne kawai ba ya wucewa, na baƙi kuma lafiya lau, to ramin ba shi da laifi. Wani abu ne ya maƙale a bututun wannan ɗakin, kuma sau da yawa pampas ne na jikoki, ko audugar mata, ko leda, ko soso. Robar nan mai sanda da ake dannawa, ko wayar masu gyaran famfo, ta isa. Idan kuwa ko'ina ruwa na jan jiki, ana jin banɗaki na kurɓa yana ɓulɓul, ko an kora a nan ruwa ya taso a can, to matsalar tana waje.

Daga nan sai a je ƙaramin akwatin simintin da bututai ke haɗuwa a ciki kafin tanki, wanda masu gyaran famfo ke kira cemba. A buɗe, a sa wani ya kora ruwa a ciki. Idan cemba a bushe take kuma ruwan bai iso ba, toshewar tana tsakanin ɗaki da ita. Idan ta cika ruwa ya tsaya cak, toshewar tana gaba. Sai a buɗe tanki. Ruwan tanki yana daidai bakin bututun fita amma cemba a cike? To bututun da ya haɗa su ne ya toshe, ko ɓawon maiƙo ya yi tauri ya rufe bakin shiga. Ruwan tanki ya haura ya shanye bututun fita, har yana neman taɓa marfi? To ba ya samun hanyar fita, sai a buɗe sokawe. Idan sokawe na da sauran wuri sosai, bututun da ke tsakaninsa da tanki ne ya toshe ko ya karye, aikin yini ɗaya ne. Idan shi ma ya cika maƙil, nan ne babbar magana: ƙasa ta daina sha.

Akwai kuma hali na daban da mutane ke murna da shi bisa kuskure. A buɗe tanki a tarar ruwa ya yi ƙasa sosai da bututun fita, alhali an daɗe ba a kwashe ba, maigida ya ce ai nasa ba ya cika. Wannan tankin ya tsage ne, ɗanyen ƙazanta yana zurarewa cikin ƙasa kai tsaye. Idan akwai rijiya a gidan, wannan ya fi toshewa haɗari.

Gwajin laka kuwa mai sauƙi ne. A samu gora ko doguwar sanda, a naɗe ƙasanta da tsohon farin tawul ko ƙyalle tsawon kamar mita ɗaya, a ɗaure tamau. A zura a hankali a ɗakin farko har ta taɓa ƙasa, a bar ta 'yan mintuna, a zaro. Baƙin da ya kama ƙyallen shi ne zurfin laka, jiƙar sandar kuma zurfin ruwa. Idan laka ta kai kashi ɗaya cikin uku na zurfin ruwan, lokacin kwasa ya yi. Hukumar kare muhalli ta Amurka tana ba masu irin wannan tanki shawarar kwashewa duk bayan shekara 3 zuwa 5, amma gidajensu galibi mutum biyu ne ko uku. Gidanmu na gandu, da mata da 'ya'ya da almajirai da baƙin sallah, sanda ce za ta faɗa maka gaskiya, ba kalanda ba. A riƙa gwadawa sau ɗaya a shekara.

Yanzu me ke sa ƙasa ta ƙi sha? Babban dalili shi ne ƙin kwashe tanki a kan lokaci. Idan laka ta taru ta yi yawa, ruwa ba ya samun wurin hutawa, sai ya wuce da datti da maiƙo zuwa sokawe. Wannan datti ya liƙe bangon ramin da ƙasar da ke kewaye, ya yi wani baƙin santsi kamar an shafa kwalta. Daga nan ko an zuƙe ramin sau goma, ruwa ba zai ratsa ba. Wanda ya yi rowar kuɗin kwasar tanki na shekara shida, ƙarshe sabon rami zai haƙa. Haka kuma idan gwiwar bututun fita ta karye ta faɗa ciki, ko birkila bai sa ta ba tun farko don a rage kuɗi, ɓawon maiƙon kai tsaye yake tafiya sokawe.

Na biyu, yawan ruwa. Tsohon tankin kora banɗaki yakan saki wajen lita 9 a kora ɗaya. Mutum goma, kowa sau biyar a yini, lita 450 ke nan, ba a sa wanka da wanki da wanke-wanke ba. Ga kuma banɗakin da robarsa ta lalace yana ta zirara dare da rana, ana jin sautinsa ana cewa ba komai. Shi kaɗai yana iya tura ɗaruruwan lita a yini. Kafin a yi maganar haƙa rami, a gyara wannan. Sannan a duba indararo. Na ga gidaje da dama da aka karkatar da ruwan rufin kwano, ko ruwan tsakar gida, zuwa cikin sokawe don kada ya dami maƙwabta. Ruwan sama ɗaya mai ƙarfi ya isa ya cika ramin.

Na uku ita ce ƙasar kanta. Ƙasa mai yashi tana sha, ƙasa mai yumɓu ko ta fadama ba ta sha sai kaɗan. Wani wurin kuma ruwan ƙasa ne ke kusa. Mutanen Legas da Fatakwal sun san wannan, akwai unguwannin da ba za ka haƙa ƙafa huɗu ba sai ruwa ya tarye ka. A ƙauyukan da ke bakin kogi ko gefen fadama ma haka abin yake da damina. Alamarsa a fili take: da rani lafiya lau, Yuli da Agusta banɗaki ya ƙi wucewa, a zuƙe rami yau, jibi ya cika da ruwa garai-garai. Wannan ba ruwan gidanka ba ne, na ƙasa ne yake shigowa. Biyan mai mota ya zuƙe shi daidai yake da biyan mutum ya kwashe kogi da bokiti. Zuƙe rami tas a irin wannan lokaci ma yana da nasa haɗarin, don ruwan da ke waje yana tura bango, ramin da ba shi da ƙwari sai ya rufta.

Sai saiwar itace. Darbejiya, mangwaro, ceɗiya da durumi duk suna bin danshi, kuma ƙaramar tsaga a mahaɗar bututu ta ishe su shiga. Idan toshewa tana dawowa a wuri ɗaya duk bayan 'yan watanni, kuma akwai bishiya kusa, a tona wurin. Bututun da mota ko a-kori-kura ke bi ta kansa shi ma yakan lotse. Wani kuma tun ranar gini aka kwantar da shi ba gangare. Bututu mai inci 4 yana son ya sauka kamar inci ɗaya a duk tsawon ƙafa huɗu.

Gyaran sokawen da ya mutu shi ne a haƙa sabo a gefe, a juya bututu zuwa can. Kada a cike tsohon da ƙasa nan take in dai marfinsa na da ƙwari. Idan aka bar shi ya huta ya bushe shekara guda ko fiye, santsin nan yakan ruɓe, ramin ya dawo da wani ɓangare na shansa, sai ya zama na ko-ta-kwana. Amma kafin a haƙa sabon, a gwada ƙasa. A tona ƙaramin rami a wurin, faɗin ƙafa ɗaya, a cika da ruwa a bar shi ya kwana. Washegari a sake zubawa, a kafa tsinke, a duba agogo. Idan ruwan ya ɗauki fiye da awa ɗaya kafin ya sauka inci ɗaya, wannan wurin ba zai yi ba, a nemi wani gefen.

Inda ruwan ƙasa ke kusa, zurfafa rami ƙara ɓarna ne. Abin da ya fi shi ne dogayen kwari marasa zurfi, a zuba tsakuwa, a kwantar da bututu mai huji-huji a kai, a ƙara tsakuwa, a rufe da ƙasa. Ruwa ya bazu a faɗi a sama-sama inda ƙasa ke da iska. A ƙauye fili ba ya wuya, wannan ya fi sauƙi a can fiye da birni. Kuma a raba hanya: ruwan wanka da wanki ya samu nasa ƙaramin ramin, na kicin ya fara bi ta ƙaramar cemba mai tare maiƙo. Man ja da man gyaɗa da ake wankewa daga tukwane su ne manyan masu kashe sokawe a gidajenmu.

Ra'ayina, kuma na san wasu ba za su so shi ba: ba kowane gidan ƙauye ne ya dace da banɗaki irin na otal ba. Inda ruwa sai an ja da guga, kuma motar zuƙa ba ta zuwa, tsarin rami biyu ya fi rufin asiri. A Indiya ƙungiyar Sulabh, wadda Bindeshwar Pathak ya kafa a 1970, ta yaɗa shi sosai. Ana kora da buta ko ƙaramin bokiti, lita ɗaya da rabi zuwa biyu. Ana amfani da rami ɗaya har ya cika, a toshe shi a juya zuwa na biyu. Bayan kamar shekara biyu abin da ke cikin na farko ya bushe ya zama taki, a kwashe da shebur ba wari. Ana iya ɗora wa tsohuwa kujerar zama a kai idan gwiwa ce damuwarta.

Batun abubuwan da ake zubawa a rami don wai ya sauka, ina roƙo a daina. Kananzir, baƙin mai, kabaid, asid na batir, soda mai ƙuna, duk ana yi. Ba sa narkar da laka, ba sa buɗe ƙasar da ta liƙe. Ƙwayoyin da ke cin lakar suke kashewa, sauran kuma ya gangara cikin ruwan ƙasa. Kabaid ma iskar da yake fitarwa idan ya haɗu da ruwa mai kama wuta ce. Magungunan gora da ake tallatawa cewa da su ba sai an kwashe ba har abada, kuɗinka kawai za su kwashe. Wanke banɗaki da ɗan bilic ko Izal daidai misali ba laifi, tuttula gora guda ne matsala.

Abin da ya sa wannan magana ta shigo shafin lafiya shi ne rijiya. Ƙa'idar da ƙungiyoyin agaji na duniya ke bi ita ce tazarar aƙalla mita 30 tsakanin ramin ƙazanta da wurin ɗibar ruwa, kuma gindin ramin ya kasance aƙalla mita ɗaya da rabi sama da ruwan ƙasa. Ku auna da fulotinmu na ƙafa 50 da 100. Ƙafa 100 ɗin nan ita ce kusan mita 30. Wato ko rijiya na bakin ƙofa, rami na can ƙuryar baya, da ƙyar aka cika sharaɗi, kuma ba a yi maganar ramin maƙwabci da ke jingine da katangarka ba. Kwalara, taifod, atuni da ciwon shawara nau'in A da E duk ta wannan hanya suke bi, daga bayan gida zuwa baki. A 2021 hukumar NCDC ta ƙirga sama da mutum 111,000 da ake zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, fiye da 3,600 suka rasu. Ruwa yana iya zama fari tas, ba wari ba ɗanɗano, amma yana ɗauke da cuta. Don haka muddin sokawe na ambaliya ko tanki ya tsage, ruwan rijiyar gidan sai an tafasa ko an sa masa sinadarin kulorin kafin a sha, har a gama gyara. Idan yaro ya fara gudawa, a soma ba shi ruwan gishiri da sukari nan da nan: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Idan gudawar kamar ruwan shinkafa ce, ko da amai, a tafi asibiti ana ba shi a hanya. Idan abin ya shafi rijiyar unguwa, a sanar da ma'aikatan duba-gari na ƙaramar hukuma.

'Yan'uwanmu masu gidajen haya a birni da ke jiran a fara ruwan sama da dare su kunna injin su tura ƙazanta cikin kwata, su ji tsoron Allah. Kwatar nan ta ƙofar wani take bi, 'ya'yan wani ke wasa a ciki.

Sai maganar rai. Kada kowa ya shiga tanki ko sokawe, ko da an zuƙe shi, ko da waya ce ta faɗa ko akuya. Akwai iskar gas iri biyu a ciki. Ɗaya tana kama wuta, don haka ba ashana, ba taba, ba fitilar kwai a bakin rami. Ɗayar ita ce mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ta fi iska nauyi, tana kwanciya a ƙasan rami. Mugun halinta shi ne idan ta yi yawa tana kashe jin wari, mutum ya ɗauka ta tafi, numfashi kaɗan ya faɗi. Abin da ke sa ake rasa mutum biyu ko uku a rami ɗaya shi ne na farko ya faɗi, ɗan'uwansa ya dira don ceto, na uku ya bi. Idan haka ta faru, a yi ihu, a buɗe duk marafai, a kira 'yan kwana-kwana, a yi ƙoƙarin jawo shi daga sama da igiya ko ƙugiya. Wannan iskar kuma tana cin siminti da rodi ta ƙasan marfi, sama na nan lafiya ciki ya zama gari. Marfin da ya tsage ko yake motsi, a kewaye shi a hana yara hawa, a canza shi cikin makon.

A ƙauyen da sai da hannu za a kwashe, a yi daga sama da guga mai dogon mariƙi, da safar hannu da takalmin roba, mutum biyu aƙalla. A riga an haƙa ramin binnewa nesa da rijiya da rafi, a zuba, a rufe da ƙasa mai kauri a ranar. Ba a zubawa a gona ɗanye, balle a lambun latas da tumatir. Masu aikin su yi wanka da sabulu kafin su taɓa abinci, kuma a biya su haƙƙinsu da mutunci, aiki ne da yawancinmu ba za mu iya ba.

Wari kaɗai ba tare da toshewa ba yawanci ƙaramin abu ne. Ko bututun shan iska ya yi gajere ko ya toshe, ko ruwan da ke tsayawa a wuyan banɗaki ya ƙafe saboda ɗakin a kulle yake tun sallar bara. A zuba bokiti ɗaya, warin zai tsaya. Bututun shan iska ya haura rufi, a ɗaure bakinsa da ragar sauro, don sauro na hayayyafa a cikin tankin da ke da kafa, ya fito da magariba ya cika gida.

Duk ranar da aka buɗe ramukan nan, a sa yaro ya ɗauki hoto, a zana a takarda inda tanki yake, inda sokawe yake, da hanyar da bututu ya bi, da taku nawa ne daga rijiya. Ranar da aka kwashe kuma a rubuta ta da fenti a jikin katanga kusa da marfin.

Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.